Abin da Ke Ƙarƙashin Cakulan

Glasgow,
11 ga Agusta, 1987

Yayata Effie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da kajinki da gwiwar nan taki da ke riga rediyo sanin zuwan ruwa. Ni ma lafiya lau, sai kunnen nan da kullum yake ƙara toshewa. Da yana ji, da waya na buga miki, don maganar da ke bakina ba ta jira ba ce.

Gwangwanin biskit ya iso ranar Alhamis, daidai ranar da na cika shekara sittin da tara. Na gode, Allah ya bar mu tare. Ko igiyar ban kwance ba na ɗora ruwan shayi, na leƙa na kira maƙwabciyata Misis Docherty, don na gaji da cika mata baki cewa duk faɗin Scotland babu mai gasa biskit ɗin man shanu fari sol kamar yayata. Na ɗaga murfi, sai na tsaya da shi a hannu na kasa ajiyewa.

Cakulan, Yaya? Ke?

Ko kin manta ne in tuna miki? Shekara ashirin ke nan, a zauren coci, ranar da Peigi matar Calum ta kawo nata da rabin kowanne a tsome cikin cakulan. Kika ɗauki ɗaya, kika juya shi, kika ce a gaban mata goma sha biyu, "Ba mai shafa wa biskit cakulan sai wadda take da abin ɓoyewa." Ina wurin, na zo hutu, na ga yadda kunnuwan Peigi suka yi jawur. Tsakanin gidanki da nata bai fi taku hamsin ba, amma sai da ta shekara biyu ba ta taka ƙofarki ba.

Misis Docherty dai ta ci huɗu tana santi, ta tafi. Tana fita na ɗauko wuƙa na kankare ɗaya, kin dai san ni. Abin da ke ƙarƙashi ja ne, Yaya, ja har ya soma baƙi. Na ce ko tsautsayi ne, na kankare na biyu, na kankare na uku. Duk haka suke.

Ga kuma adireshin da kika rubuta a bayan ƙunshin. Mai kawo wasiƙa ya ce tun daga bakin titi ya karanta shi. Ke da a makaranta malama take ɗaga rubutunki sama don mu ji kunya, yaushe kika koma rubutun allon kanti?

Ki gaya mini abin da ke faruwa. Ki gaida duk wanda ya tambaye ni, in akwai.

Ƙanwarki,
Mairead

Tsibirin Lewis,
17 ga Agusta, 1987

Mairead,

Na gaishe ki. Gwiwa da sauƙi, kaji suna ƙwai.

Ashe har yanzu ba ki bar halinki ba. Tun kina 'yar shekara shida kike ɗaga murfin tukunyar mutane, yanzu kin kusa saba'in kin koma kankare kyautar da aka aiko miki da wuƙa. Mai kunya in an ba shi abu ci yake ya yi godiya.

Babu abin da ke faruwa. Murhu ne. Tun da aka share bututun hayaƙi yake jan wuta fiye da da, in iskar yamma ta taso kuwa sai tanderun ya haukace. Fulawar da motar kanti ke kawowa ma ba irin ta da ba ce. Amma me nake gaya miki, ke da tun da kika koma birni kike sayen na kanti mai ɗanɗanon kwali? Na tabbata ko awon kin manta. Fulawa kashi uku, man shanu kashi biyu, sukari kashi ɗaya, sai a rage fulawar kaɗan a cike da garin shinkafa don ya yi garas a baki. Hannu mai sanyi, kuma ba a murza shi kamar ƙullin burodi, haɗa shi ake a hankali har ya kama kansa. A yanka shi dogo-dogo kamar yatsu, a tsattsaga da cokali mai yatsu, a ba shi wuta marar ƙarfi. A fitar da shi tun yana fari. Haka Mama ta koya mana mu biyu, ɗaya ta riƙe, ɗaya tana leƙen samari ta taga.

Cakulan kuwa zamani ne ya zo da shi. Mutum ba ya canja ra'ayi ne? Rubutu kuma alƙalamin ne mai kaurin baki.

Ina da abin yi da ya fi wannan gardamar. Taron coci na kaka saura sati biyar. Kin san tun da aka naɗa maigidana marigayi Tormod dattijon coci, gidan nan baƙi ke shan shayi bayan wa'azi, daga ranar Alhamis har Litinin, mutanen ƙauyuka shida. Bana shekara talatin da ɗaya ke nan. Tormod ya shekara tara a ƙasa, ban rufe ƙofar nan ko sau ɗaya ba, kuma ba bana zan fara ba.

Kirsteen kuma ta ishe ni. Duk Asabar sai ta bugo waya ta ba ni labarin ɗakin da ta gyara mini a gidanta na Inverness, wai har da labule mai furanni da ƙarfen dafawa a banɗaki. Ni na haife ta, amma yanzu magana take mini a hankali tana rarrabe kalmomi kamar tana gaban ɗalibanta. Na gaya mata a gidan nan aka kawo ni amarya, daga nan kuma za a fitar da ni.

Saboda haka ki ji ni da kyau, tunda karatu ba ya buƙatar kunne. Kada ki kuskura ki kai wa Kirsteen wannan maganar wuƙar taki.

Allah ya kiyaye ki.

Effie

Inverness,
20 ga Agusta, 1987

Zuwa ga Inna Mairead,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Maigidana Donald yana gaishe ki. Ki yi haƙuri na daɗe ban rubuto ba, ga shi kuma sai da buƙata ta taso.

Inna, akwai maganar da Mama ta hana ni faɗa wa kowa, amma na kasa riƙe ta ni kaɗai. A watan Afrilu na kai ta wurin likitan ido. Ba yanar ido ba ce, balle a yi mata aiki. Ya ce tsakiyar ganinta ce take mutuwa, a duka idanun, kuma tabarau ba zai yi komai ba. Gefe-gefe tana gani, amma duk abin da ta kalla kai tsaye sai ya zama duhu. Fuskar mutum, rubutu, launin abu, duk suna tafiya. Wasiƙu ma da gilashin ƙara girma na Baba take karantawa, a bakin taga, kalma ɗaya-ɗaya.

Muna fitowa daga asibiti na roƙe ta ta biyo ni. Kin san amsar da zan samu. Mun yi ta yi a cikin mota har na yi kuka. Daga ƙarshe ta ce, "To ji nan. Ranar da na kasa ba baƙo shayi a teburina, ni da kaina zan haɗa kayana." Na ce ta yi alkawari? Ta ce, "Kin taɓa jin na yi magana biyu?"

Mace ce 'yar shekara saba'in da huɗu, ita kaɗai a gida, da murhun ƙarfe mai ci da gawayin fadama da tukunyar ruwan zafi. Duk sanda waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake. Ba so nake in ƙwace mata gida ba, Allah ya sani. So nake in same ta da rai.

Na nemi izini a makaranta, zan je taron coci na kaka in zauna sati guda in gani da idona. Idan abin ya fi ƙarfinta, zan tuna mata alkawarinta mu dawo tare. Kafin nan ina roƙonki ki gaya mini gaskiya. Ke take rubuta wa, ke take aika wa kaya. Kin ga wani abu da ya kamata in sani?

Na gode, Inna. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarki,
Kirsteen

Glasgow,
24 ga Agusta, 1987

Yaya,

Gaisuwa. Ki duba, da alƙalamin rubuta kwali na rubuta wannan, kowane harafi ya kai ƙwan kaza, don kada ki wahalar da gilashin Tormod.

E, na sani. Kirsteen ta rubuto mini. Kada ki yi fushi da ita, yarinyar tsoro ne ya cika ta. Ni ce ya kamata in yi fushi. Murhu, ko? Iskar yamma? Alƙalami mai kaurin baki? Wata huɗu kina ɗauke da wannan abu, ni kuma ina nan ina miki tsiya a kan cakulan. Da na gama karanta takardarta zama na yi a kan matakala na yi kuka, har Misis Docherty ta fito ta zaci mutuwa aka yi.

Ta tambaye ni ko na ga wani abu. Ban ba ta amsa ba tukuna. In na faɗa na ci amanarki, in na yi shiru kika ƙone a gidan nan ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Ga shawara, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki jefa ta a wuta. Akwai wata mata a bayan layinmu da ke gasa biskit na sayarwa. Bai kai naki ba, amma fari ne, kuma baƙon da ya sha wa'azin awa biyu ba ya bambancewa. In aiko miki gwangwani shida kafin Kirsteen ta iso, ki juye a naki, ki jera a farantin Mama. Daga ni sai ke. Ki samu ki tsallake bana, baɗi kuma Allah yana nan.

Ki amsa mini da wuri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki, ko kin so ko kin ƙi,
Mairead

Tsibirin Lewis,
14 ga Satumba, 1987

Mairead,

Na gaishe ki. Da gangan na bar ki sati uku ba amsa, don da na rubuto a ranar da takardarki ta zo, da ba mu sake magana ba har abada.

Biskit ɗin sayarwa a farantin Mama! Gara in shiga jirgin ruwa da ƙafata in je in zauna a bayan labule mai furanni. Na san za ki ce ai cakulan ɗin ma ƙarya ce. Ƙarya ce, kuma ita ma ta ishe ni. Bari ki ji yadda ta ƙare.

Kin san tanderun nan ya fi zafi ta gefen wuta. Da ina gani, kallo ɗaya nake yi in san lokacin juya tire da lokacin fitarwa. Tun da idon ya tafi, sai ƙamshin ƙuna ne ke gaya mini na makara. Sai na yi dabara, na riƙa jera su duka kai ɗaya, don in san gefen da ya ƙone shi ne na wajen wuta, in tsoma shi a cakulan. Wata uku ina haka ba wanda ya kankare sai ke.

Ranar Laraba, kwana biyu bayan takardarki, na fito da tire ke nan kaza ta shigo kicin. Na ajiye na kore ta, na dawo, ashe na juya tiren ban sani ba. Na narka cakulan, na tsoma su duka ashirin da huɗu, na jera a faranti ina jin kaina. Da la'asar sai ga Peigi ta kawo mini takardar coci. Kin san yadda muke da ita shekarun nan, gaisuwa da maganar ruwan sama, shi ke nan. Na ce ta zauna ta sha shayi, na tura mata farantin.

Na ɗauki ɗaya na ciji gefen da ba cakulan, sai ɗaci ya cika mini baki. Farin gefen na rufe, Mairead. Ƙonannen na bari a waje, ashirin da huɗu, a jere, a gaban Peigi matar Calum, duk duniya a rasa wa sai ita.

Na zauna ina jiran ta rama. Tana da haƙƙi, shekara ashirin tana riƙe da shi. Ta ci ɗaya, ta ci na biyu, ta ci na uku, ina jin ƙarar ƙonannen a haƙoranta. Ta ce, "Shayin ya yi daɗi, Effie." Ta tafi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da safe sai ga ta da man shanu a ƙunshe da kayan saƙarta. Ta ce, "Hura wuta. Ni ce ido, ke ce hanci."

Na ce, "Wa ya gaya miki ido nake nema?"

Ta ce, "Haba Effie. Tun watan Mayu kike buɗe littafin Zabura a inda ba nan ake rerawa ba. Duk bencinmu sun sani. Ba wanda ya ce uffan ne don kowa yana son ransa."

Na ce to ta zauna, amma kada ta taɓa mini komai. Ta ce, "Allah ya kiyaye, ni da ban iya ba."

Haka muka yi ta yi kusan kullum, ban da Lahadi. In sa tire, in ja kujera kusa da tanderu. Ita ta riƙa buɗe ƙofar kaɗan tana leƙawa, ta ce "tukuna," ta koma saƙa, ta sake leƙawa, ta ce "yanzu." Ni kuma in riƙe abin da hancina da kunnena suka ji a daidai lokacin. Shekara sittin ina gasa abin nan ban san yana magana ba. In ya shiga wuta man yana wata 'yar tsuwa siririya, sai kin kasa kunne sosai, ke kam ba ki da rabo. In tsuwar ta soma raguwa, lokacin juya tire ne. In ta lafa gaba ɗaya, sai ƙamshin ya tashi daga na ɗanyen mai ya koma na madarar da ta kusa tafasa. Nan ne wurin. In kika jira ƙamshin da ke cika gida, wanda baƙo ke yabawa tun daga ƙofa, kin riga kin makara.

Tire goma sha ɗaya muka lalata. Kajina sun yi ƙiba har ba sa iya hawa katanga. A na goma sha biyu, Peigi ta miƙa hannu za ta buɗe ƙofar, na ce, "Bari. Yanzu ne." Na fito da shi na ajiye. Sai na ji tana face hanci. Na ce, "Me kika gani?" Ta ce, "Irin naki na da ne na zauren coci, muguwa."

Tun daga nan na yi tara a jere ban ƙona ko ɗaya ba, uku daga ciki ba ta ma gidan. Ni Effie 'yar Murdo na yi wannan, da ido biyu da ba sa aiki, kuma ba na jin kunyar faɗa miki cewa ina alfahari da kaina.

Ban ba Peigi haƙuri ba tukuna.

Kirsteen kuwa ki gaya mata duk abin da kika ga dama. Ta zo ta gani.

Hannuna ya gaji, kwana uku ina rubuta wannan. Allah ya kiyaye ki.

Effie

Glasgow,
17 ga Satumba, 1987

'Yata Kirsteen,

Gaisuwa gare ki da Donald. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, tsufa ne.

Kin tambaye ni ko na ga wani abu. Na ga gwangwanin biskit, na cinye. Na ga takardu biyu daga uwarki, duk biyun zagina ta yi a ciki, wato tana nan yadda kika san ta. Sauran kuma ba a bakina za ki ji ba. Ki je ki zauna a kicin ɗinta ki buɗe idonki da kyau, kuma kada ki yanke hukunci tun kina cikin jirgi.

Ki tafi da rigar sanyi mai kauri.

Innarki,
Mairead

Tsibirin Lewis,
28 ga Satumba, 1987

Inna Mairead,

Bayan gaisuwa, ina rubuto miki ne daga tsohon ɗakina. Yau aka rufe taro, baƙin ƙarshe sun tafi, Mama tana kishingiɗe.

Na iso Talata. Laraba da safe ta nuna mini kujerar Baba ta ce, "Zauna ki sa ido, ai abin da ya kawo ki ke nan." Ta aika wa Peigi cewa kada ta leƙo sai an kira ta. Ta auna komai a tsohon sikeli, tana gane duwatsun awon da yatsa. Ta sa hannu cikin tanderu tana ƙirga wani abu a ranta, ta rage wuta, ta sake sawa. Da tire ya shiga na buɗe baki zan yi magana, ta ce, "Rufe mini baki, saurare nake." Muka zauna shiru kamar a coci. Can ta tashi ta juya tiren, ta koma ta zauna. Ni ban ji komai ba, ban shaƙi komai ba, sai kawai ta miƙe ta ɗauki tsumma. A raina na ce bai gasu ba.

Inna, fari ne sol. Tire biyar ta yi a ranar, duk haka.

Da suka huce ta narka cakulan a kwano bisa ruwan zafi, tana riƙe kowanne a daidai tsakiya don yatsanta ya gaya mata inda za ta tsaya. Ta jera su a kan takarda ta kai ɗakin baya mai sanyi. Da suka daskare ta kawo mini faranti da wuƙa, ta ce, "Kankare duk wanda kika ga dama." Na ce don me? Sai ta gaya mini komai da bakinta, ƙunar da ɓoyewar da ranar da ta tsoma gefen da ba shi ba. Na ce ba sai na kankare ba. Ta ce, "Innarki ba ta ji kunya ba, ke ma kada ki ji." Na kankare uku, ƙarƙashinsu tas. A lokacin ne kuma, da ta miƙo hannu, na ga tabon ƙuna guda uku a damtsenta, ɗaya bai gama warkewa ba.

Ranar Alhamis mutum ashirin da uku suka cika falo, har da baƙon Fasto daga Harris. Mama ta tsaya a ƙofa da baƙar rigarta ta ce da ƙarfi, "Kowa ya faɗi sunansa kafin ya shiga, idona ya yi ritaya." Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba sai ranar. Suka riƙa faɗa ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kowa mutanen gidansa da sunayensu.

Da aka yi addu'a aka zauna, ta ce, "Peigi, shekara ashirin da suka wuce na faɗi wata magana a kan cakulan a gaban mata goma sha biyu. Yau ga mutum ashirin da uku. Na janye ta, ki yafe ni." Peigi ta ce, "Effie, shayi yana hucewa." Sai tsoho Angus John, wanda bai ji komai ba, ya ce shi dai a turo masa farantin nan kafin Fasto ya gama da shi. Aka yi dariya, abin da ban taɓa ji a makon taro ba. Ban taɓa alfahari da uwata kamar a wannan lokacin ba.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni. Ta ɗauki babbar butar shayi, ta kai bakin kofin Fasto, ta tsaya. Kofin ne ba ta gani. Ta daɗe a haka, sannan ta juya ta ce, "Peigi, zuba." Tun da nake ban taɓa ganin Mama ta miƙa wa wata mace butar nan ba. Duk kwanakin da suka rage Peigi ce ta zuba, Mama tana raba biskit.

Kin san alkawarin da ta yi mini, ranar da ta kasa ba baƙo shayi a teburinta. Ta san na gani. Ba ta kawo uzuri ba, ba ta roƙe ni ba, kuma na tabbata in na buɗe baki na tuna mata, za ta tashi ta haɗa kayanta ba tare da ta ce kala ba. Jiya Peigi ta tare ni a hanyar coci ta ce, "Taku hamsin ne tsakaninmu, kuma ina da ƙafa." Ita ma shekararta saba'in da ɗaya.

Gobe zan bi jirgin rana. Har yanzu ban san mutum nawa zai ɗauka ba. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Kirsteen

Tsibirin Lewis,
30 ga Satumba, 1987

Mairead ƙanwata,

Na gaishe ki. Wannan ce takarda ta ƙarshe da za ki samu da hannuna, layin ya daina tsaya mini. Daga yau Peigi ce za ta riƙa rubutawa, saboda haka ki iya bakinki.

Jiya da safe na zauna a bakin gado da takalmina a ƙafa, ina jiran Kirsteen ta faɗi abin da take da haƙƙin faɗa. Ta shigo ta daɗe a tsaye. Sai ta ce, "Mama, zan dawo Kirsimeti. Ki ajiye mini marasa cakulan."

Ta tafi ita kaɗai. Na fita na ɗaga mata hannu har na daina jin ƙarar mota. Peigi ta ce motar Kirsteen ta daɗe da shan kwana, wai rabin lokacin motar mai kifi nake ɗaga wa hannu, har shi ma ya ɗago mini.

Bar Peigi ta faɗi abin da take so. A ƙofar gidana nake tsaye.

Yayarki,
Effie